A Fara Gwadawa a Takarda, a Ƙare a Wayar Inna

Akwai abin da ke damuna duk lokacin da na je gida Safo, kuma na san ba a Safo kaɗai ake yin sa ba. Dattijuwa za ta kwance bakin zane ta ciro waya, ta miƙa wa yaron da ba ɗanta ba, ta ce ya duba mata ko kuɗin da aka turo daga Kano ko Agadas sun shigo. Idan waya ta nemi lambar sirri, sai ta faɗa masa da ƙarfi, kowa na ji. Matar nan fa tana riƙe da lissafin asusun unguwa guda a kanta, ta san wadda ta yi zubi, wadda ta ci bashi da ranar da za ta biya, amma allo mai layi huɗu ya mayar da ita mai neman taimako. Mutane kan ce rashin boko ne. Ni da nake koyar da aikin kwamfuta a Maraɗi, ina ganin kaso mafi tsoka na laifin yana kan waɗanda suka tsara abin da ke fitowa a allon. Ko dai ba su gwada da irinta ba, ko sun gwada ta hanyar da ba za ta faɗa musu gaskiya ba.

Duk abin da ido ke gani ko kunne ke ji sa'ad da mutum ke amfani da waya, wato maɓallai, jerin zaɓi, kalmomi, launi, da muryar nan mai cewa a danna ɗaya ko biyu, shi ake kira fuskar manhaja. Ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya zauna ya yanke cewa tura kuɗi zai zo a sama, duba saura a ƙasa, za a tambayi lambar mutum kafin a tambayi nawa. Gina manhaja kuwa aiki ne mai cin watanni da dukiya, shi ya sa waɗanda suka san sana'ar ba sa fara gini sai sun yi samfuri, abin gwaji da ke kwaikwayon manhajar tun ba a yi ta ba. Maginin ƙwarai ma haka yake yi: ya ja igiya, ya shata ɗakin a ƙasa, ya kira mai gida da uwargida su shiga cikin shacin su tsaya. In uwargida ta ce ƙofa ba ta yi mata a nan ba, da ƙafa ake goge layi. In kuwa an riga an yi rufi, sai dai a rushe ko a haƙura.

Tambayar da masu wannan aiki suka daɗe suna ja-in-ja a kanta ita ce yaya ya kamata samfurin ya yi kama da na gaske. Kaɗan, tsaka-tsaki ko sosai? Wannan kamanni shi ake rabawa mataki-mataki.

Matakin ƙasa takarda ne da alƙalami. A yanka kwali daidai girman waya, a zana allo na farko a ƴar takarda, na biyu a wata, har a ƙare. A zaunar da mai gwaji a ba shi aiki: “Ga shi, tura wa ƙanenka jika biyu.” Da ya ɗora yatsa a kan zanen maɓalli, sai ɗaya daga cikin masu tsarin, wanda aikinsa a ranar shi ne ya zama kwamfuta, ya ɗauke takardar ya ajiye ta gaba, bakinsa alaikum. Na uku yana gefe yana rubuta inda mutumin ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya ɗago kai yana neman a agaza masa. Idan wata kalma ta rikita mutum biyu a jere, nan take a soke ta a rubuta wata kafin na gaba ya zauna. Wani masani mai suna Marc Rettig ya bayyana wannan hanya dalla-dalla a maƙalar da ya buga a 1994, Carolyn Snyder kuma ta yi littafi sukutum a kanta a 2003. Ba ma sai takarda ba. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƴar kwamfutar aljihu ta Palm da ta fito a 1996, guntun katako ya sassaƙa daidai girman da yake hange, ya riƙa yawo da shi a aljihun riga. Duk sa'ad da aka sa masa ranar ganawa sai ya ciro katakon ya yi kamar yana rubutawa, don ya ga ko abin zai shiga rayuwarsa ko zai zame masa kaya.

Arha da sauri su ne amfanin da littattafai suka fi ambata. A wurinmu akwai wanda ya fi su, shi ne kara. Bahaushe ba ya kushe abin da aka sha wahala a kai a gaban mai shi. Ka nuna wa dattijo allo mai sheƙi, da launuka da hotuna, ka tambaye shi ya ya gani, zai ce maka ya yi kyau, Allah ya yi albarka, ko da bai gane komai a ciki ba, domin ya ga zufar da ka zubar. Amma zanen biro a bayan kwalin sukari ba ya sa kowa jin nauyi. Mutum zai iya karɓar biron daga hannunka ya ce a'a, wannan a nan ya kamata ya zauna. Shi kansa mai zanen ba ya jin ciwon yaga abin da ya yi cikin minti goma, alhali wanda ya kwashe wata guda yana gyara launi zai kare aikinsa ko da ya ga yana ba mutane wuya.

Mataki na tsakiya ni ƙwarangwal nake ce masa. A kwamfuta ake yin sa, amma baƙi da fari ne, akwatuna da layuka, babu ado. Yana nuna inda kowane abu zai zauna da yadda za a fita daga wannan allo a shiga wancan. Akwai manhaja mai suna Balsamiq da ta fito a 2008, wadda da gangan take fitar da layuka a karkace kamar zanen hannu, don kada wanda aka nuna wa ya ɗauka an gama.

Na sama shi ne wanda ba ka iya bambanta shi da na gaske sai an gaya maka. Launi, girman haruffa, motsin allo idan an shafa, duk suna nan. Yanzu akasari da Figma ake yin sa, wadda aka buɗe wa kowa a 2016, kuma ɗalibi mai kwamfuta da intanet zai iya haɗa shi cikin ƴan kwanaki. Yana da ranarsa. Da shi ake gane ko maɓalli ya yi wa babban yatsa ƙanƙanta, ko rubutu na karantuwa, da shi kuma ake nuna wa masu ginin ainihin abin da ake so. Illarsa ita ce yana jan hankali zuwa ga fenti. Ka je neman sanin ko mutane sun gane hanyar biyan bashi, ka dawo da shawarar a mayar da kore shuɗi. Mai ba da kuɗin aikin kuma da ya gani sai ya ce ai an gama, a sake shi wata mai zuwa, alhali babu komai a bayan allon.

Haka ake koyar da shi a aji, hawa uku, daga ƙasa zuwa sama. Abin da na gani a Safo ya nuna mini cewa wannan lissafi bai cika ba.

Asusun mata ba baƙon abu ba ne a yankinmu. A nan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, ta ɗora shi a kan adashen da iyayenmu suka gada, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Mata kan haɗu duk mako, kowacce ta yi zubi, a ba mai bukata rance, a ci tarar wadda ta makara, a raba abin da ya taru idan zango ya cika. Yayata tana cikin irin wannan ƙungiya. Akwatinsu na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, lissafin kuwa da baki ake faɗar sa a gaban kowa. Ɗanta, wanda ke karatun kwamfuta, ya ƙudiri aniyar yi musu manhajar da za ta riƙe wannan lissafi, don an taɓa samun saɓani a kan wani rance bayan rasuwar wadda ta fi kowa riƙe shi a ka. Ya zo mini da samfuri mai kyan gaske a babbar wayarsa. Na ce ya ajiye shi tukuna, mu tafi da takarda ranar zubi.

Muka shimfiɗa kwalin a kan tabarma. Ya durƙusa gaban shugabar ƙungiyar ya ce, “Inna, ki ɗauka wannan waya ce. Ki danna inda za ki sa zubin yau.” Ta dubi kwalin, ta dube shi, ta ce, “Ɗana, wannan ai takarda ce. Ina wayar?” Ya sake bayani. Ta ɗora yatsa don kada ta ba shi kunya, ya canza takarda, ta jira ya gaya mata abin da ya faru. Ƴan matan da ke shiga WhatsApp sun kama wasan nan da nan, har suna gyara masa jerin allon, amma ga manyan, waɗanda su ne masu akwatin, zanen murabba'i da kibiya bai tsaya a madadin komai ba. Kafin mutum ya ga maɓalli a cikin zanen akwati, sai ya riga ya saba da allon da ake shafawa. Wannan ba a kanmu aka fara lura da shi ba. Gary Marsden na Jami'ar Cape Town da abokan aikinsa sun rubuta tun a 2007 cewa samfurin takarda kan rikita mutanen da ba su saba da kwamfuta ba, domin yana neman su hango abin da ba su taɓa gani ba.

To, takarda ta gaza, mai sheƙi kuma zai jawo “ya yi kyau”. Mafita tana cikin wani tunani da wasu masu bincike a hukumar NASA ta Amurka suka fitar a 2006. Sun ce kamanni da na gaske ba abu ɗaya ba ne, fuska biyar gare shi: kyan gani, yawan ayyukan da samfurin ya taɓo, zurfin da ya yi a cikin kowane aiki, yadda yake amsawa idan an taɓa shi, da kuma ko bayanan da ke cikinsa na gaske ne ko na cike gurbi. Samfuri na iya zama mummuna a ido amma lissafin cikinsa na gaske ne. Yana iya zama kyakkyawa, cikinsa fanko. Mai tsari shi zai zaɓi fuskar da zai ɗaga, gwargwadon tambayar da yake son a amsa masa.

Tambayarmu ba ta launi ba ce. So muke mu san ko matan za su fahimci lissafin da waya ta faɗa musu, su kuma yarda da shi. Saboda haka muka watsar da allo gaba ɗaya, muka ɗauko wata tsohuwar dabara. A farkon shekarun 1980, John Gould da abokansa a kamfanin IBM sun so su san ko mutane za su yi amfani da na'urar da ake yi wa magana tana rubutawa, tun ba a iya ƙera ta yadda ya kamata ba. Sai suka sa ƙwararren mai buga keken rubutu a wani ɗaki yana saurare yana bugawa, rubutun na fitowa a allon mai magana. Mu ba mu ɓoye wa kowa komai ba. Mun gaya musu yaron zai koma bayan zana da wayarsa, su kira shi da ƴar ƙaramar wayar shugaba mai maɓallai, a buɗe murya kowa ya ji, shi kuma ba zai faɗi komai ba sai abin da ke rubuce a takardarsa, kamar yadda na'ura za ta karanto. Sunayen na gaske ne, kuɗin ma na makon da ya wuce ne.

Ba a yi nisa ba muryar ta ce wance ta zuba ɗari biyar. Wuri ya kaure. Ma'ajiya ta juyo gare ni ta ce, “Malam, wa ya zuba ɗari biyar a nan? Mu ɗari muke zubawa.” Duk ɗan Nijar ya gane abin da ya faru, amma bari in warware wa ƴan'uwa na Najeriya. Mu da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin muke ce masa, 500 ita ce ɗari, 1000 kuma jika. Na'urar da ta ga 500 ta karanta “ɗari biyar” ta gaya wa matar nan sefa 2500 ke nan, ninki biyar na abin da ta zuba. A kyakkyawan samfurin farko lambar 500 tana nan zaune lafiya lau, ba wanda zai ga aibinta, domin duk ɗan bokon da ya kalle ta yakan juya ta zuwa dala a ransa ba tare da ya lura ba. A takarda ma yaron da bakinsa yake fassara musu. Sai da muka tilasta wa samfurin ya yi magana kamar na'ura sannan ramin ya bayyana. Ga shi kuma muna bakin iyaka, masu zuwa cin kasuwa Ɗan Isa da Jibiya suna juya naira da sefa a rana ɗaya, dole murya ta faɗi wane kuɗi take nufi.

Sauran abubuwan suka biyo baya. Mata uku suna ɗaya gare su, kuma ba wanda ke kiran su da shi, da laƙabi ko da sunan unguwar da aka auro su aka san su. Wata ta ƙi maimaita wani suna da muryar ta nema domin sunan ɗanta na fari ne. Mafi girma shi ne batun lambar sirri. Yaron ya tsara lamba ɗaya a hannun shugaba, kamar yadda ya gani a kowace manhaja. Shugabar da kanta ta ƙi. Ta ce akwatin da ke da kwaɗo uku ba za a mayar da lissafinsa hannun mace ɗaya ba, ko da ita ce, domin ranar da aka samu giɓi ita za a kalla. Ya koma ya raba lambar gida uku, kowace mai mabuɗi ta danna tata a gaban jama'a. Ya kuma haƙura da manhajar babbar waya, ya karkata ga kiran murya da kowace ƙaramar waya za ta iya ɗauka.

Abin da ya gano ya yi daidai da na Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalor a Indiya, waɗanda tun wajen 2006 suka fara gwaji da mutanen da ba su yi karatu ba. Sun ga murya da zane sun fi rubutu aiki nesa ba kusa ba, jerin zaɓi mai rassa cikin rassa kuma yana ɓatar da mutane.

Akwai fuska ta shida da zan ƙara a kan biyar ɗin can, ita ce wayar kanta da wurin da za a riƙe ta. Samfurin da aka gwada a ofis mai sanyi a Yamai, a sabuwar waya mai faɗin allo, bai gwada komai game da Safo ba. A nan wayar Itel ce ko Tecno mai maɓallai, lambobin sun goge, gilashin ya tsage, ana duba ta a tsakar rana cikin watan Afrilu lokacin da hasken rana ke cinye duk rubutun da ba baƙi wuluk ba. Batir ya kusa mutuwa domin sai an kai wurin mai caji an biya. Rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana ɗaukewa. Lambobin nan da ake farawa da tauraro a rufe da diyez (#) ba sa ɗaukar fiye da haruffa 182 a allo guda, kuma in mutum ya daɗe yana tunani sai layin ya yanke, ya koma farko. Mai karatu a hankali, ko wanda ajami ya iya ba boko ba, shi wannan yankewa ta fi cuta. Saƙon tes kuma haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya a ciki sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin aikawa ya ninku, wasu tsofaffin wayoyin ma akwati za su nuna a gurbin harafin. Babu zanen Figma da zai gaya maka wannan. Sai ka aika saƙon da gaske zuwa wayar da za a karanta shi.

Wasu abubuwan ma ba sa fitowa sai kuɗin gaske sun shiga. M-Pesa ta Kenya, wadda aka ƙaddamar a 2007, an fara gwada ta ne a 2005 a garin Thika a matsayin hanyar biyan ƙananan basussuka. Masu gwajin suka lura mutane na amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi, sai aka juya akalar aikin gaba ɗaya zuwa can.

Kada wani ya ce gwaji sai mai kuɗi. Jakob Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da fuskar manhaja, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Sharaɗin da ɗalibaina ke yawan mantawa shi ne biyar ɗin su kasance daga cikin waɗanda za su yi amfani da abin. Abokan aji biyar ba su ne mata biyar masu asusu ba, ba su ne masu lambun zogale biyar na Jiratawa ba. In masu amfanin iri biyu ne, kamar ƴan mata masu WhatsApp da iyayensu, kowane iri a nemo nasa.

Ga matasanmu masu koyon wannan sana'a, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da sauran makarantu, daga Maraɗi zuwa Safo ba tafiyar da za ta gagare ku ba ce a babur. Kafin ku buɗe kwamfuta, ku rubuta tambaya ɗaya da kuke son samfurin ya amsa, ku yi mafi arhan abin da zai amsa ta, ku kai shi inda mutanen suke. Ga shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatun da ke biyan kuɗin irin wannan aiki, idan an nuna muku allo mai kyau ku tambaya da wa aka gwada shi, a wace waya, a wane gari, kuma me aka canza bayan gwajin. Kai kuma mai karatu, ranar da wani yaro ya zo maka da kwali ko waya ya ce ka gwada masa, ka ajiye kara a gefe. Inda ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, domin wannan ce gudummawar da ya zo nema a wurinka.